Ranar Kwance Wuyan Tawada

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ruwa ya ɓoye abinci a ƙarƙashinsa, ya ba kifi ƙaya, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba ɗan Adam zuciyar da ba ta iya ganin abu a hannun wani ta yi barci. Ni ne Anaruwa ɗan Magawata, Basarke, masunci na gado, daga Tungar Maje, a bakin gulbin Kabi. Na ratsa tekuna, na sha ruwan kogunan da ban san sunayensu ba, na ci shinkafa da tsinke a ƙasar Sin. Amma in kun tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk wannan yawo, tsuntsuwa ce guda ɗaya, baƙa wuluk, mai ƙarnin kifi.

Ga yadda abin ya faro. Mun sauke farali muna zaune a Jidda, muna jiran abin da zai kai mu gida, sai wani tsohon matuƙin jirgin ruwa ya ba ni labarin wasu masunta can ƙarshen gabas. Ya ce ba sa jefa birgi, ba sa jan taru, ba sa kafa mamari. Tsuntsaye ne ke nutso su kamo musu kifi, su kawo har hannu. Na ce masa ƙarya ne, ya rantse. Tun daga ranar na rasa sukuni. Sai in riƙa ganin kaina ranar su, wato kamun kifin gayya, a gulbinmu, kowa na fama da komar kamun kifinsa cikin taɓo, ni kuwa ina tsaye da riga fes, tsuntsu na yi mini aiki.

Abokin tafiyata shi ne Nomau, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Manomin gero ne, ba abin da ya haɗa shi da ruwa sai sha. Da na gaya masa na fasa komawa gida, sai ya naɗe tabarmarsa.

"Ɗan kawu," in ji shi, "inna ta ce in ban komo da kai ba, kar in komo. To mi za ni yi? Mu tahi."

Na ce, "Kai da ko alwala ba ka yi bakin gulbi sai ka riƙe ciyawa da hannu guda?"

Ya ce, "To sai ka riƙe ni."

Na kuwa riƙe shi, riƙon da har yau ba wanda ya gode mini. A wani tsibiri inda itatuwa ke tsaye cikin teku bisa dogayen saiwoyi, 'yan fashin ruwa suka tare jirginmu, suka kwashe kaya, mu kuma suka tsare mu don su sayar. Da tsakar rana, zafi ya kwantar da masu gadi, sai na hangi wata ƙatuwar randa da suke tara ruwan sama a ciki. Na tuntsurar da ruwan, na cusa Nomau, na mirgina ta har teku, na shiga iyo ina tura ta da ƙirji. Wasu halittu masu kama da kitse suka yi ta harbina, gishiri ya cinye mini leɓe. Shi kuwa gogan yana ciki, tsoro ya sa shi waƙa.

Haka muka isa wani birni da aka gina dukkansa a kan jirage, inda akan haifi mutum ya tsufa bai taka ƙasa ba. Mutanen birnin suka ga randa tana tafe da kanta tana waƙa. Suka yi ca, suka fito da Nomau, suka ɗora shi a kafaɗa wai teku ce ta aiko musu da mai albarka, suka yi gaba da shi da kiɗa. Ni da na turo randar, wata tsohuwa ce ta jefo mini tsumma in goge jiki. A ranar na fara jin wani abu na yi mini susa a ƙahon zuci, ban dai ba shi suna ba tukuna.

Daga nan muka bi fataken ganyen shayi, muka daɗe tare da su har bakinmu ya kama harshen ƙasar. Su suka kai mu Kogin Madubi. Duwatsun wurin ba irin namu ba ne: kowanne tsaye yake shi kaɗai kamar rumbu, kore shar tun daga gindi, kansa cikin gajimare. Ruwan kuwa garau, kana iya ƙirga tsakuwar ƙasansa. A wata kwana ta kogin muka sami wadda aka kwatanta mana, wata tsohuwa mai suna Sulan, 'yar firit, fatar hannunta duk tabon bakin tsuntsu. Inna muke ce mata.

Jirginta gorori ne masu kauri aka jera aka ɗaure, ruwa na lasar ƙafar wanda ke kai. Akwai kwando a tsakiya, da doguwar gorar tuƙi, da tsuntsaye a jere. Mutanen wurin hankakin ruwa suke kiransu, ko da yake sun fi hankaka girma, ga dogon wuya, ga baki mai ƙugiya. Kafin a fita, Inna kan ɗaura wa kowanne zaren ciyawa a gindin wuya, daidai yadda ƙaramin kifi zai wuce ciki, babba kuwa ya tsaya a maƙogwaro. Sai ta doki ruwa da gora, ta yi wani kira, ta girgiza jirgin da ƙafa, tsuntsaye su zuba. Wanda ya kamo ya taso, ta miƙa masa gora ya hau, ta ɗago shi, ta matsa wuyan a hankali, kifi ya faɗo kwando. Na tsaya baki buɗe, ni da nake ganin ba abin da ya rage mini a sanin su.

Na ce ta sayar mini da ko guda. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ba a sayar da su, ɗana, ba a kuma bayar da su kyauta. Ku zauna ku yi aiki. Idan sanyi ya shigo, akwai ranar da muke kira kwance wuya. Ranar akan cire musu zare, a sake su su ci su ƙoshi. Da yamma duk mai so ya tsaya a bakin ruwa ya miƙa gorarsa. Wanda tsuntsu ya sauka a gorarsa da cikakken ciki, ba zare a wuya, to nasa ne. Wanda bai ga gorar da ta yi masa ba, kogi ya karɓi abinsa. Ni bana ba zan ɗaga gora ba, gwiwoyina sun gama."

Tana maganar, idona na kan wadda ke zaune a goshin jirgi. Ita ce shugabar tsuntsayen, ba mai shiga ruwa kafin ta, ba mai zama a wurinta. Baƙinta har sheƙi yake, idanunta kore, tana kallon mutum kamar ta san abin da ya ci jiya. Sunan da Inna ta sa mata, in an juya shi da Hausa, Tawada ke nan. Nan take na ce a raina wannan ce tawa, sauran kowa ya kwasa.

Na shiga aiki ba ji ba gani. Ni ne tuƙi, ni ne gyaran jirgi, ni ne share makwancin tsuntsaye. Ban daɗe ba na iya ɗaurin zare har Inna ta daina dubawa. Nomau kuwa, Allah ya jiƙan aiki. Da Inna ta girgiza jirgi don tsuntsaye su faɗa, da shi ake faɗawa. Kullum sai na tsamo shi. Sai ya rarrafa ƙarshen jirgi ya zauna cikin rana, ya buɗe hannuwa don rigarsa ta bushe, haƙora na kaɗawa.

To su waɗannan tsuntsaye, gashinsu na jiƙewa, don haka in sun gama nutso sukan buɗe fukafukai su sha rana. Wata rana na waiga, me zan gani? Tawada ta bar goshin jirgi, wurin da ba ta taɓa bari ba, ta taka har ƙarshe, ta tsaya kusa da Nomau ta buɗe nata. Ga shi ga ta, kowa ya shanya kansa. Inna ta tafa hannu tana dariya. Ni ma na yi dariyar, amma iyakarta haƙora.

Abin wasa ya zama kullum. Tana fitowa daga ruwa sai wajensa. Har ta kai tana cusa kai cikin hannun rigarsa tana lumshe ido, ita da in na kai hannu zan ɗaura mata zare sai na yi da dabara, don ta sha fasa mini yatsa. Da na kasa daurewa na ja shi gefe.

"Kai, gaya man gaskiya. Mi kab ba ta?"

"Wallahi ban ba ta komi ba, ɗan kawu. Ni ma tsoronta nika ji."

"To mi kaka ce mata in kun zamna?"

"Waƙar noma ta dai, wadda kac ce muryata awa ta jaki."

Da ma ya ce wani asiri gare shi, da na ji sanyi, don asiri ana nemansa a samu. Amma ba komai, ita dai ta ga mutumin ya yi mata. Kishi ya kama ni, kishi na gaske, irin wanda ke sa abinci ya zama ƙasa a baki. In ya yi tari sai in ji kamar da gayya ya yi. In ya ce mini sannu da aiki sai in ji zagi.

Sai na ce bari in yi irin ta gida. Mu a wurinmu wanda kake so ciyar da shi kake yi, ka tura masa har sai ya ce ya isa, ka ƙara. Na saƙa birgi, na fita da sassafe kafin a tashi, na kamo kifaye masu ƙiba, na zaɓi wanda ya fi, na durƙusa na ajiye a gaban Tawada. Ta dubi kifin, ta dube ni, ta juya mini baya. Sauran tsuntsayen kuwa suka yi wa kwandona rubdugu suka cinye tas. Ranar ba wanda ya shiga ruwa a cikinsu, kowa ya ƙoshi ya sa kai cikin fiffike, duk dukan ruwan da Inna ta yi a banza.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙosasshen tsuntsu ba ya nutso, wannan ko yaro ya sani. Ita kuma waccan ba ta cin kifin da ba ita ta kamo ba. Tun tana ƙarama haka take. Abin da ka yi mata, a wurinta zagi ne."

Ni dai har gobe ban ga inda kyauta ta zama zagi ba. Amma ƙasar mutane ce, na haɗiye.

Ana nan, iska ta fara sanyi. A ƙarƙashin wani dutse akwai gurbi mai zurfi inda ruwan ke komawa baƙi, cikinsa da wani kifi da masuntan wurin suka daɗe suna labari, tsawonsa ya kai na mutum. Wata rana da hantsi muna wucewa sai ya taso ya juya, ruwa ya yi tudu. Kafin Inna ta hana, Tawada ta faɗa, sauran suka bi ta. Abin da na gani ranar ban taɓa ganin irinsa ba: wannan ya kama ido, wancan ya kama wutsiya, wasu sun rataye a ƙayar baya, ruwa na tafasa. Kifin ya ja su ƙasa. Can tsuntsaye suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, baki wayam. Tawada ba ta ɓullo ba.

Inna ta kira, ta sake kira, muryarta ta karye. Nomau ya dafe kai yana salati. Ni ban san sanda na tuɓe ba.

Na nutsa. Na wuce inda haske ke kaiwa, na wuce inda ruwa ke da ɗumi, kunnuwana suka fara zafi kamar ana soka tsinke. A gindin dutsen akwai wata matacciyar itaciya, nan na lalubo ta. Wani reshe ne ya shiga tsakanin wuyanta da zaren, tana ta bugun ruwa, bugun na raguwa. Ba wuƙa a hannuna. Na kama ta, na kai baki na ciji zaren. Ta kafa mini baki a kunci har ƙashi, ban saki ba sai da zaren ya tsinke. Wani abu mai girma ya goge ni a ƙafa ya wuce, ban tsaya gaisuwa ba. Na sa ta a hammata na doki ƙasa. Kafin in iso sama wani abu ya fashe a kunnena na hagu, kuma tun ranar ban ƙara ji da shi ba.

Suka ja ni kan jirgi, ina aman ruwa, jini na zuba a fuska. Na kwantar da ita a ƙirjina ina shafa ta. Ta daɗe ba motsi, sannan ta yi atishawa, ta buɗe koren idon nan ta dube ni. Wallahi na ɗauka an gama, na ce yau dai ta san ni. Ta miƙe tana tangaɗi, ta taka cikina, ta taka cinyata, ta bi tsawon jirgi har inda Nomau yake, ta cusa kai cikin hannun rigarsa.

Da muka iso gida Inna ta wanke mini kunci da wani ruwan ganye, ta ce ba ta taɓa ganin mai nutso irina ba. Yabon bai shige ni ba. Nomau kuwa ya kasa haɗa ido da ni, ya riƙa korar tsuntsuwar daga jikinsa a hankali, tana dawowa.

Ranar kwance wuya ta zo. Tun da safe Inna ta bi tsuntsayenta ɗaya ɗaya tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, ta sake su ba zare. Maƙwabta suka taru da gororinsu, tunda an san bana ba za ta ɗaga tata ba. Da rana ta karkata na ɗauki tawa, na leƙa bukka in kira Nomau. Na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya, gorarsa a jingine.

"Tashi, lokaci ya yi."

"Cikina ka murɗa, ɗan kawu. Tahi kai ɗai."

Mutumin da ya share kwano biyu na shinkafa da rana. Na san ƙarya yake yi, na kuma san don wa yake yin ta. Na ce masa Allah ya sawwaƙe, na fita.

Muka jeru a bakin ruwa, kowa ya miƙa gorarsa. Rana ta yi ja a bayan duwatsu. Tsuntsaye suka fara dawowa da nauyin ciki, wannan ya sauka wajen wancan, ana sowa. Biyu suka sauka a kan tawa, namiji da mace, abin da na baro gida dominsa ke nan, amma ko kallonsu ban yi ba. Na matsar da su baya don in bar mata tsinin gorar.

Ita ce ta zo ƙarshe. Ta taso daga tsakiyar kogi, ta bi layin mutane ƙasa-ƙasa tana duban fuskoki. Ta iso kaina, har na ji iskar fiffikenta a raunin kuncina. Na yi mata kiran da Inna ke yi. Ta wuce. Ta je ƙarshen layi ta juyo, ta sake bi, ta yi shawagi a kan jirginmu da ke ɗaure, daidai ƙarshensa. Ta yi wani kuka mai kaushi, ba wanda ya amsa. Na ɗaga gorar sama har kafaɗuna suka yi zafi, na kira ta da Hausa, na kira ta da harshensu. Ta sake zagayowa, ta dube ni sosai, babu zancen ba ta gan ni ba. Daga nan ta miƙe wuya ta bi kogi ta yi kudu, tana ƙanƙancewa har dutse ya tare ta.

Inna ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta ce, "Kogi ya karɓa." Ta tafi tana jan ƙafa.

Na koma bukka da tsuntsayena biyu. Nomau ya tashi zaune, ya leƙa bayana yana murmushi, yana jiran ya ga ta uku.

"Ta zo?"

"Ta zo."

"Ta sabka?"

Na ce, "Ta biɗe ka, ba ta gan ka ba. Ta tahi."

Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba. Sai ya tashi a guje, ba takalmi, ya ɗauki gorarsa ya nufi kogi. Mutumin nan mai tsoron ruwa ya shiga har ƙugu, har ƙirji, ya ɗaga gora sama yana rera waƙar nomansa da muryar nan tasa, kuka na sarƙe shi. Mutane suka tsaya suna kallo, mata na share ido. Ba abin da ya taso daga kudu. Da ruwa ya kai masa wuya na shiga na jawo shi, kamar kullum.

A bakin gaɓa ya kifa kai a gwiwata yana kuka kamar wanda aka yi wa mutuwa, yana cewa, "Don kai niy yi, ɗan kawu, don kai niy yi." Ina bubbuga bayansa, ina ba shi haƙuri. Kuma ko a lokacin, Allah ya sani, kishinsa nake ji. Shi tasa ce ta tafi. Ni ba abin da ya tafi mini, don ba ta taɓa zama tawa ba ko na ƙiftawar ido.

Iyakar abin da na gani ke nan a ƙasar Sin, wanda ya ji ya ƙara da nasa, shi da Allah. Nomau yana nan da ransa a Tungar Maje, ku je ku tambaye shi. Zai fara ba ku labarin, kafin ya kai tsakiya hawaye su hana shi. Ni kuwa ga shi na kai muku shi har ƙarshe ido a bushe, kuma abin da ke ƙona ni ke nan.